Madrid Biyu a Fili Ɗaya

Duk abin da zan manta a rayuwa, ban da ranar da ƙungiyoyi biyu na gari ɗaya a Sifen suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin Turai. Abin da ba a taɓa yi ba, in ji masu kallo. Ni kuwa ko bugun kusurwa ban sani ba.

Lokacin ina aiki a ɗakin karatu na jami'a a Wudil, ina neman auren Hadiza. Mahaifinsu ya rasu, magana tana hannun wanta, Yaya Nasiru, mai sayar da soyayyen kifi a bakin gada. Hadiza ta ce mini, "In ya tambaye ka wa kake yi, ka ce Madrid, kada ka ƙara komai." Na ce masa Madrid. Ya washe baki, ya ce to ranar Asabar tare za mu gidan kallo.

Muka zauna a benci. Sai na ji mai sharhi yana Madrid, Madrid, ko ƙwallo na wajen masu fararen riguna ko masu ratsin ja. Na raɗa wa na kusa da ni, "Don Allah wanne ne Madrid?" Ya ce, "Duka biyun." Na ɗauka raini ne (ashe bawan Allah gaskiya ya faɗa).

Can masu ratsin ja suka zura ƙwallo, rabin ɗakin ya tashi da ihu. Ni ma na zabura na rungume Yaya Nasiru, har ina jijjiga shi. Jikinsa a sandare kamar turmi. Ashe masu ihun 'yan adawa ne, sun zo ne kawai su ga an ci Madrid ɗinsa. Ya cire hannuna a hankali ya ce, "Malam, mu aka ci."

Kunya ta rufe ni. Na yi wa kaina dabara: tunda rigunan nan rikita ni suke, zan riƙe raga. Wadda aka zura wa yanzu ita ce tamu, shi ke nan. (Babu wanda ya gaya mini ana sauya raga bayan hutun rabin lokaci. Wa ya ƙirƙiro wannan zalunci?)

Dab da tashi, Yaya Nasiru har ya fara share gumi da hularsa, ƙwallo ta sake faɗawa cikin ragar nan. Na ɗora hannu a ka, na saki salati da ƙarfi, "Innalillahi, sun ƙara mana!" Na waiwaya in yi masa jaje, na gan shi a kan benci yana tsalle. Ya tsaya cak, ya dube ni daga sama.

"Kai Malam, tsakaninka da Allah, wa kake yi?"

Na ce, "Wallahi Yaya, ni Hadiza nake yi."

Ɗakin ya fashe da dariya. Shi ma ya yi ta dariya har da riƙe ciki, kuma da yake nasa ne suka ɗauki kofin bayan ƙarin lokaci, a hanya ya ce in turo magabatana. Na tabbata da an ci su, da yanzu ina nan gwauro.

Tun ranar, duk wanda ya tambaye ni wa nake yi, cewa nake ban san ƙwallo ba. Yaya Nasiru kuma ya hana ni zama kusa da shi a gidan kallo.