Ilu Mai Riƙon Ɗaya

A ƙauyen Kukar Bahago akwai wani mai facin keke, Malam Hashimu, da matarsa Delu, da 'ya'yansu biyu, Ilu da ƙanwarsa Kulu. Ilu yaro ne mai jin magana, jin maganar ma ita ce ciwonsa, don duk abin da aka ce masa haka yake ɗaukarsa, ba ƙari ba ragi. Uwarsa ta taɓa ce masa ya sa ido a kan tukunyar miya, ya tsugunna ya zuba mata ido har ta tafaso ta zube cikin wuta, ko ƙiftawa bai yi ba.

Abin mamaki, kansa yana ja a lissafi. Kafin ka rufe baki ya ba ka amsa. Amma in aka dawo da takardun gwaji, sai ka ga makinsa abin tausayi. Malamin lissafinsu, Malam Isyaku, yakan riƙe haɓa ya ce, "Yaron nan ya san hanya sarai, sai ya zo bakin ƙofa yake tuntuɓe."

Wata rana Malam Isyaku yana koya musu tara manyan lambobi, ya ce, "Bakwai da biyar sha biyu ke nan. Ka rubuta biyu, ka riƙe ɗaya." Ilu ya rubuta biyu, ya lanƙwashe yatsa guda na hannun hagu ya riƙe gam. Da aka ba su gwaji, kowace tambaya sai ta zo da nata ɗayan, yana ta lanƙwashe yatsu har suka ƙare, sauran ya matse su a hammata. Haka ya koma gida a karkace, hannu a dunƙule. Delu ta ce, "Me ka ɓoye a hannun nan?" Ya ce, "Ɗayoyin Malam ne, Inna, kada ki taɓa ni su zube." Washegari Malam ya duba takardarsa, ya ga kowace amsa ta gaza da goma cif. Ya ce, "Ilu, ina ɗayan da ka riƙe?" Ilu ya miƙo hannu ya ce, "Ga su nan duk, Malam. Cewa ka yi a riƙe, ba ka ce a saki ba."

Wata rana kuma aka shiga ɗebewa. Malam ya ce, "In ka ga ƙaramar lamba a sama, babba a ƙasa, ba za ta ɗebu ba. Sai ka ari ɗaya wurin maƙwabci." Ran gwaji Ilu ya ci karo da uku a sama, takwas a ƙasa. Ya fara tunanin Baba Jatau maƙwabcinsu, ya ga gida ya yi nisa, kuma tsohon yana gona. Sai ya zunguri Barau, wanda suke benci ɗaya, ya raɗa masa, "Don Allah ara mini ɗaya." Barau ya harare shi. Ilu ya sake zungurarsa, "Guda ɗaya tak, in an tashi zan mayar maka." Malam ya hango kawuna biyu a haɗe, ya ɗauka satar amsa ake yi, ya zo ya zaftare wa kowannensu maki biyar. Barau ya yi kwana da kwanaki ba ya yi masa magana. Shi kuwa Ilu abin da ya dame shi daban. Ya ce wa ubansa, "Baba, a canja mini benci. Maƙwabcina marowaci ne."

Wata rana aka tambayi tsawon igiyar guga, Ilu ya rubuta sha biyu kawai. Malam ya ce, "Sha biyun me? Awaki ko mita? Ka daina barin amsa tsirara, maki kake zubarwa." Kunya ta kama Ilu ƙwarai da gaske. A gwaji na gaba ya bi amsoshinsa ɗaya bayan ɗaya yana zana musu sutura, wannan riga da wando, wancan har da hula. Lamba takwas ya ga ta fi kama da mace, ya ɗaura mata zane da kallabi. Malam ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya kasa gane lamba ko ɗaya, dariya kuma ta hana shi yin faɗa.

Wata rana, a jarrabawar ƙarshen zango, aka raba takardu a kife, Malam ya ce, "Kada wanda ya juya sai na ce." Jim kaɗan ya ce, "To, ku fara." Kowa ya juya, ban da Ilu. Ya amsa 'yan tambayoyin da ke bayan takardar tsaf, ya miƙa, ya ruga filin ƙwallo yana murna ya riga kowa. Da Malam ya nuna masa tarin tambayoyin da ya bari a ɗaya gefen, sai ya ce, "Na yi ta jira ka ce a juya, Malam. Fara kawai ka ce."

Nan fa abin ya daina ba mutanen gidan dariya. Jarrabawar gama aji shida ta ƙarato, wadda ake shiga sakandare da ita. Malam Hashimu ya ajiye tayar da yake liƙewa ya ce, "In ka faɗi maimaita aji za ka yi, Kulu ta tarar da kai, ku zauna benci ɗaya." Kulu ta ce ita za ta riƙa ara masa ɗaya. Ilu ya sunkuyar da kai, tuwon ranar bai shiga ba.

Ran jarrabawa da safe Delu ta raka shi bakin zaure. Ta san ɗanta, ta san garajensa na son riga kowa fita. Ta kama kunnensa ta ce, "Ka ji ni da kyau. Kada ka kuskura ka fito daga ɗakin nan sai an kore ka." Ya ce, "To, Inna."

Kamar kullum, Ilu ya gama tun ana da sauran lokaci mai yawa. Yara suka fara miƙa takardu suna fita, yana jiyo ihunsu a filin ƙwallo, ƙafafunsa na ƙaiƙayi. Ya dubi baƙon malamin da aka turo don sa ido a jarrabawar, ko zai kore shi. Mutumin ko kallonsa bai yi ba. Ilu ya ƙirga azarar rufi, ya kalli ƙadangare a taga, zama dai ya ishe shi. Don rashin abin yi sai ya jawo takardarsa ya hau karantawa. Can ya ga inda aka rubuta talatin da shida shi ya kwafi sittin da uku. Ya gyara. Ya ga inda aka ce a raba shi ya ninka. Ya gyara. Ya ga wata tambaya can ƙasa da ya tsallake ɗungurungum. Ya amsa ta. Ya sake bi daga sama har ƙasa, har ya rasa abin gyarawa.

Lokaci ya cika, ɗaki ya zama daga shi sai baƙon. Mutumin ya karɓi takarda ya ce, "Kana iya tafiya." Ilu bai motsa ba. "Yaro, an tashi fa." Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, Inna ta ce sai an kore ni." Baƙon ya dube shi, ya dubi ƙofa, yunwa kuma na cinsa. Ya ɗauko tsintsiya a bayan allo ya daka tsawa, "Tashi ka ba ni wuri!" Ilu ya yi godiya ya zura da gudu.

Da sakamako ya fito, yara da dama da suka fi shi natsuwa sun zubar da maki a 'yan kurakuran da ba su tsaya dubawa ba. Sunan Ilu kuwa yana can sama. Malam Isyaku ya hau kekensa har ƙofar gidan Malam Hashimu, tun daga nesa yake kiran, "Ina Ilu? Kai, yaron nan, ka cinye takardar lissafin nan tas!"

Ido ya raina fata. Ilu ya ɓuya a bayan uwarsa, ya leƙo da kai ya ce, "Wallahi Malam ban ci ba, lafiya lau na miƙa ta. Gindin fensir kawai na ɗan tauna."