Doguwar Addu'ata a Matsirga

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na gane cewa mutuncin ɗan Adam, wanda masana suka ƙarar da tawada a kansa, bai fi kaurin fatar bayansa ba.

Washegarin Kirsimeti ne. Mu mutanen Kafanchan, idan shinkafa da nama suka ishe mu a gida, sai mu nufi Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, mu ci ragowar shinkafar a can mu kira abin shan iska. A shekarar, iyalin Rifkatu, yarinyar da nake nema, suka gayyace ni. Sunanta gayyata, amma jarrabawa ce. Mahaifinta, Baba Yohanna, tsohon hedimasta kuma dattijon ikilisiya, ya riƙe maganar aurenmu, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya faɗa wa Mama, matarsa, kawai (Mama ta faɗa wa Rifkatu, Rifkatu ta faɗa mini) shi ne: "Ɗan kwatas ɗin reluwe ne. Ya san bambancin citta da ciyawa?"

Ban sani ba. Amma ni malamin labarin ƙasa ne, na zana dazuzzukan duniya kaf a kan allo, don haka na ƙudura zan nuna masa ni ma ɗan daji ne.

A wajenmu mai neman aure ba ya naɗe hannu a gaban surukai. Na riga kowa sauka daga mota, na hango inuwa mai kyau a gindin wata bishiya, sai dai wani yaɗo ya rufe wurin, da 'ya'ya masu gashi kamar karammiski. Na kama shi hannu bibbiyu na fizgo, na rungume a ƙirji na kai gefe. Har reshen da ke bisa kaina na karkaɗe, don aiki ya yi kyau.

Baba ya iso. Ya dubi wurin, ya dube ni.

"Sannu da aiki, Ticha. Mu dai a shimfiɗa mana can kan falalen dutse."

Mai karatu, ƙarara ce, uwar ƙaiƙayi. Na san sunanta, ban taɓa ganin fuskarta ba. Ta fara daga wuya, ta gangara ƙirji, ta zagaya baya, ta shiga wuraren da ba a ambata a rubutu. Ga ni zaune gaban surukin da ko tari ba na iya yi a gabansa, balle susa. Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya.

"Lafiya kake gumi haka?" in ji Rifkatu a hankali.

"Kyawun halitta ne ya taɓa ni."

Sai Baba ya ce, "Ticha, ka sa wa abincin albarka. Mu rufe idanunmu."

Kawuna suka sunkuya. Nan take na ga ƙofar ceto: muddin ina magana, ba mai buɗe ido. Na ce, "Ya Ubangiji," na kafa farce a wuya. Na gode don shinkafa. Na gode don wanda ya noma ta. Susar ta ƙara hura wutar, ba halin tsayawa. Na yi wa manoman citta addu'a, da masu acaɓa, da matafiya kan hanyar Godogodo. Muryata na rawa, Mama ta ɗauka Ruhu Mai Tsarki ne, ta shiga cewa, "Amin! Haleluya!"

Da na kai kan shugabanni, na riga na tuɓe riga, ina goga bayana a jikin dutse kamar akuya a bangon laka. (Ban taɓa yi wa gwamnati addu'a da zuciya ɗaya kamar ranar ba.) Tsoro ɗaya ke cina: in numfashi ya yanke mini, a ɗauka na gama, a buɗe ido. Anti Saratu, ƙanwar Mama, da yunwa ta dama, ta fara jefo "Amin" mai ƙarfi a kowace gaɓa, irin ta sallama. Na ce mu rufe da addu'ar Ubangiji gaba ɗaya, na yi amfani da ita na maida riga.

Aka buɗe ido. Mama na share hawaye.

"Wannan yaro fasto ne, Allah!"

Na sauke ajiyar zuciya. Na tsira.

Baba ya buɗe kular abinci a natse, ya ce, "Ticha, rigarka a baibai take. Rifkatu, ba shi manjan doyar nan ya je bayan dutse ya shafa."

Da ƙasa na tsagewa don kunya, da yau akwai sabon rami a Matsirga. Na tafi, na dawo ina ƙyalli ina ƙamshin miya, na tabbata aure ya bi ruwa. Da muka zo hawa mota, Baba ya juyo gare ni.

"Ka turo iyayenka," in ji Baba. "Wanda ƙarara ta ci bai gudu ba, zai iya zama da 'yata."

Darasin da na koya shi ne, abin da ba ka taɓa gani ba sai a kan allo, kada ka rungume shi. Na daɗe ina yaba basirar Baba, da ya gano komai daga riga kawai, har na faɗa wa Rifkatu bayan biki.

Ta ce, "Wace basira? Tun yana hedimasta, Baba ba ya rufe ido in ana addu'a."