Kwalbar da Kawu Ya Ɗauko Daga Kano

Ko da zan manta da komai na karatuna a Dutsin-Ma, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tuhumi ƙanen mahaifiyata da cin amana a gaban malamina ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina digiri na biyu, kuma bincikena a kan hanjin akuya ne (e, hanji, har mahautan kasuwa sun saba da ni, da sun hango ni sai su ce ga Hajiyar kayan ciki nan). Akwai wata tsoka a jikin hanji da ke matsewa tana saki da kanta, ba ta jiran umarnin kowa, wani sinadari ne da ake kira enzayim ke tayar da ita. Shi nake nema. Sai dai ido ba ya ganinsa, dole a zuba wani ruwa da ake kira antibodi, wanda ba ya manne wa komai sai shi, sannan wani ɗan layi baƙi ya fito a takardar gwaji. In babu ruwan nan babu layi, in babu layi kuwa digirin ya bi ruwa. Daga ƙasar waje aka yi odarsa, wata huɗu muna jira, kuma kwalba ɗaya tak aka samu.

Da saƙon ya iso Kano, Dakta, mai duba aikina, ya ce a nemo amintaccen mutum da zai ɗauko shi, don abin ba ya son zafi ko kaɗan. Caraf na ce ai ga Kawu Sale, direban bas ne, a Kurfi yake zaune, kullum yana kan hanyar Kano.

Amma bari in faɗi inda na fara shuka tsiyar. Wata rana a garinmu Rawayau, wurin suna, mata suka dame ni da tambayar me nake karantawa. Na gaji da bayani na ce, "Maganin murɗar ciki nake haɗawa." Matar Kawu, Inna Rabi, wadda ta daɗe tana fama da ciwon ciki, ta ce, "To in ya haɗu ki sammani." Na ce an gama.

Ranar da Kawu ya kawo akwatin saƙon har ɗakin gwajinmu, ya ajiye ya wuce tasha. Na sa safar hannu ina ta yanga, na ture ƙanƙara, na ture takardun da ke ciki ba tare da na karanta ba (ni da nake jin na fi ƙarfin karanta umarni). Na zata zan ga kwalba kamar ta maganin tari. Sai ga wata 'yar roba da ba ta kai ƙaramin yatsana ba. Na ɗaga ta saitin taga. Wayam! Na karkata ta, na sake dubawa. Babu ko ɗigo.

Nan take kaina ya haɗa lissafi: Kawu ya ji maganin ciki ne, ya juye ya ajiye wa matarsa. Ni kuwa Allah Ya yi ni da saurin baki. Na kira shi a waya na ce ya dawo yanzu-yanzu, na kuma je na kirawo Dakta don ya zama shaida.

Kawu ya shigo yana share zufa. "Lafiya dai, ɗiyata? Mi ya faru?"

"Kawu, tsakaninka da Allah, ka buɗe kwalbar nan?"

"Mi zan buɗe? Yadda aka ba ni haka na kawo maki."

"In don Inna ka juye shi, ka faɗa mani. Wallahi ba na sha ba ne!"

Ya ɗago ya dube ni. Mutumin da ya sha goya ni ya kai ni asibiti ina ƙarama. Ban taɓa ganin fuskarsa ta faɗi haka ba, amma ni a lokacin digirina kawai nake hangowa yana sulalewa.

Malam Lawal, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, yana gefe yana wanke kwalabe. Ya goge hannu, ya karɓi 'yar robar, ya sa ta a ƙaramin injin da ke wulwula kwalba, ya danna. Bai fi daƙiƙa goma ba ya ciro ta ya ɗaga. Ga ruwa nan kwance a ƙasa, fari tas, kamar ɗigon hawaye biyu.

"Jijjigar mota ce ke sa ya maƙale cikin murfi," in ji shi. "Yana nan rubuce a takardar da kika ture. Kuma ga hatimin murfin ko taɓa shi ba a yi ba."

Dakta ya juya yana tarin ƙarya.

Kawu ya matso ya ƙura wa kwalbar ido. "Wannan ɗan abin na hana fasinja kujerar gaba dominshi? Har na tsaya sau biyu ina ƙara mashi ƙanƙara?" Ya girgiza kai. "Ɗiyata, ko ɓarawo nike, ai sai in saci abin da ido ke gani."

Na durƙusa a kan simintin nan da farar rigata, ina kuka ina ba shi haƙuri. Kunya ta ishe ni, wallahi. Ya ce ya yafe, ya kuma yafe ɗin, amma bai ce zai rufa mini asiri ba. Kafin Juma'a labari ya gama Kurfi da Rawayau. Har yanzu in gida suka ba shi saƙo ya kawo mini, ko da buhun gero ne, ba ya tafiya sai ya ce, "A sa shi a inji a wulwula tukuna, in tafi da mutuncina."

Tun daga ranar, in na duba abu ban gani ba, idona nake fara zargi kafin in zargi mutum, balle wanda ya goya ni a bayansa.