Ɗorawar Da Ba Ta Cikin Haya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa wata tsohuwa tayin wurin zama a gidanmu na haya a bayan Ungogo. Har yau idan abin ya faɗo mini ina tsakiyar tuƙa tuwo, sai na ji muciyar ta yi mini nauyi a hannu.

Ni haifaffiyar cikin birni ce, tsadar haya ce ta koro mu can, inda jiya gona ce yau fuloti. Ka leƙa ta katanga ka ga kango, ka ga kunyoyin gero, ka ga wani kangon. Maigidana yana koyarwa a Kunci, sai ƙarshen mako yake zuwa, don haka ni ce mai gida ni ce matar gida. Mai gidan na ainihi kuwa ba mu taɓa ganinsa ba, an ce yana kudu. Komai ta hannun ejan yake bi, wani Malam Sabi'u, mutum mai sanyin magana da tsohon babur, wanda in ka ce masa gini ya faɗi zai ce, “To, za a duba.”

A kusurwar tsakar gidan akwai wata ƙatuwar ɗorawa, gindinta a ciki, rassanta sun tsallake katanga. Ranar da ya ba mu makulli, Malam Sabi'u ya dafa ta ya ce, “Maman Hanifa, wannan ba ta cikin haya. Ta tsohuwar da aka sayi gonar a hannun 'ya'yanta ce. Ta yarda a sayar da ƙasa, ba ta yarda a sayar da itace ba. Duk shekara tana zuwa ta kaɗe 'ya'yan, da kalwar take daddawa, da ita take ci.”

Na ce to. (Wannan “to” ɗin irin wanda ake cewa ne a lokacin da hankali yake kan ko banɗaki yana da ƙofa.) A raina kuwa dariya na yi. Itace a cikin gidan da na kama, a ce na wata ne can a ƙauye? Na ɗauka irin maganar ejan ce ta cika baki.

Ku fahimce ni, ba haka kawai na zama mai tsiwa ba. Damina ta farko kwanon ɗakinmu ya yi ta yoyo, na jera robobi har kan gado. Gyaran rufi kuwa na mai gida ne, kowa ya sani. Na kira Malam Sabi'u har wayata ta gaji, sai da na je na tsaya masa a ƙofar shagonsa kafin ya turo kafinta. Wani lokaci kuma ya kwaso wasu masu duba rijiya ya faɗo mini gida ina wanki, na ce masa ɗan haya ma mutum ne, in zai shigo ya sanar tukuna. Ya ba ni haƙuri, tun daga nan bai sake ba. To wannan nasara biyu ita ta kumbura mini kai. Na zama lauyar layinmu, matan maƙwabta har zuwa suke in faɗa musu haƙƙinsu.

Sai rani ya shigo, ɗorawa ta fitar da jajayen furanninta, jemagu suka mayar da gidana wurin biki. Kashi a kan shanya, kashi a bakin randa, ganye kuwa in share da safe, kafin azahar kamar ban taɓa riƙe tsintsiya ba. Hanifa ta daina yarda ta fita tsakar gida da magariba. Na kira ejan na ce a sare itacen nan.

Ya ce, “Ba ni da iko a kanta, mai gidan ma ba shi da shi. Ki yi haƙuri, in an kaɗe zan roƙi Inna a rage rassan.”

Na ajiye waya ina cewa a raina, wato an dawo da “za a duba”.

Ranar wata Litinin masu injin yanka itace suka ratso layinmu, baƙi ne, ba 'yan yankin ba. Na kira su. Babbansu ya ɗaga kai ya dubi 'ya'yan da suka yi reto, ya ce, “Hajiya, ta kusa nuna fa. Ta waye?”

Na ce, “A gidanka take ko a gidana?”

Ya tayar da injinsa. Suka fara da rassa, suka gama da gindi, suka kwashi rabonsu suka bar mini tulin itace a jikin katanga. Tsakar gida ta yi fayau. Na wanke kututturen tas, na shimfiɗa masa ɗan ƙyalle, ya zama kujera. Wallahi har hoto na ɗauka.

Bayan kwana biyu Malam Sabi'u ya kira, ya ce yana sanar da ni ne kamar yadda na buƙata, gobe zai zo da baƙuwa. Ban bar shi ya ƙarasa ba na ce ya zo, ni ma ina da abin nuna masa. Na ma gayyato maƙwabtana biyu, wai su ga yadda ake yi da ejan mai jan ƙafa. (Ni da kaina na tara wa kaina 'yan kallo, babu wanda ya sa ni.)

Washegari da hantsi muna zaune a kan tabarma sai muka ji sallama. Wata 'yar tsohuwa ce siririya, da buhu a naɗe a hammata, da doguwar ƙugiya a hannu. Shi ejan ya tsaya a waje yana kafe babur. Ta shigo, ta yi taku kaɗan, ta tsaya. Ta ɗaga kai sama, inda babu komai sai rana. Ni kuwa da na ga tsohuwa a tsaye cikin rana, sai tarbiyya ta motsa. Na tashi da sauri na kakkaɓe ƙyallen.

“Sannu da zuwa, Inna. Zauna nan, sabuwar kujerarmu ce. Wata ɗorawa ce ta addabe mu, ni na sa aka sare ta, don in an biye wa Malam Sabi'u sai mu shekara muna sharar kashin jemage.”

Har da 'yar dariyata. Sai a lokacin idona ya sauka a kan ƙugiyar, ya koma kan buhun, ya haɗu da fuskar Malam Sabi'u da ya shigo ya daskare a bakin zaure. A hankali ya ce, “Maman Hanifa, Inna Tabawa ce. Mai ɗorawar.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Maƙwabtana ɗaya ta tuna ta bar tukunya a wuta, ɗayar ko dalili ba ta nema ba.

Da ta zage ni da na ji sauƙi, don zagi na san yadda ake karɓarsa. Ba ta yi ba. Ta jingine ƙugiyar, ta taka zuwa kututturen, ta ɗauke ƙyallena ta miƙo mini, ta shafa wurin yankan da tafin hannu. Ta ce, kamar da kanta take magana, “A ƙarƙashinta nake ajiye wa marigayi maigidana fura in yana noma.” Sannan ta juya ta dubi tulin itacen, ta dubi murhuna da yake ci, ta ce, “Tana cin wuta kuwa, 'yar nan?”

Ni kuma bakin nan nawa da ba ya shawara da ni ya ce, “Sosai, Inna.”

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki buhunta yadda ta zo da shi a naɗe, ta yi mana sai an jima.

Da maigidana ya dawo ya ji, bai yi faɗa ba. Aka kai magana gaban mai unguwa. Ni da nake koya wa mata haƙƙinsu na durƙusa a zaure, dattawa suna tambayar maigidana ko ba a gaya mana ba, shi kuma ya ce an gaya mana. Aka yi maganar diyya, Inna Tabawa ta ce ta yafe, me za a ba ta da zai yi 'ya'ya baɗi? Mai gidan daga kudu ya aiko cewa in wa'adinmu ya cika mu nemi wani wuri, shi amana ya ɗauka a kan itacen nan. Malam Sabi'u ya kawo mini saƙon da kansa, bayan ya kira ya nemi izinin shigowa.

Mun tashi, mun samu wani gidan, wannan ba wani abu ba ne. Abin da yake ci na shi ne labarin da na ji daga baya. Ta gwada sayen kalwa a kasuwar Bici, abin bai fitar da ita ba, ta bar daddawar gaba ɗaya, ta koma zaman jiran abin da 'ya'ya za su aiko. Matar da ta riƙe kanta tun rasuwar mijinta, ni na mayar da ita haka a yini guda, saboda shanya.

Abin da na koya? Haƙƙina na 'yar haya na haddace shi kamar karatun allo, na wasu ne ban taɓa tambaya ba. Yanzu ko ƙusa zan buga a bango sai na kira ejan, har sabon namu ya fara ƙin ɗaga wayata. Daddawa kuwa ina sa ta a miya don ba yadda zan yi, amma aike nake yi a sayo. Ba na iya tsayawa a gaban tsohuwa mai faifai in tambaye ta nawa.