Shafi Arba'in Kawai Na Karanta

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Lyon ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar. Lokacin ina shekara ta biyu a mastar ɗin adabi, ina kuma koyon aiki a wani ɗan shagon littattafai a unguwar Guillotière, tsakanin wani mahauci ɗan Aljeriya da wata mai kitso 'yar Kamaru. Ni ɗan Maradi ne, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Tun ina lise, wato sakandare, ake ce mini mai saurin karatu, ni kuwa na ɗauko yabon nan na zo da shi har Faransa. (Har yau ina ji da kaina, an dai rage mini kaɗan.)

Mai shagon, Madam Odile, dattijuwa ce marar yawan magana. Ta ware kanta guda kusa da ƙofa don sababbin littattafan da ta ce manyan shaguna ba sa sa su a gaba: labaran baƙi da 'ya'yan baƙi, na nakasassu, na maza masu son maza da mata masu son mata. Akwai na binciken kisa, akwai na soyayya, har da na duniyar da ba a kai ba tukuna. Kullum ni ke goge kantar nan in jera su tsaf, amma ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. A ganina na fi ƙarfinsu. Ni mutumin manyan marubutan da suka daɗe da mutuwa ne.

Wadda ta karance kantar kaf ita ce abokiyar aikina Rakiya. A unguwar Minguettes da ke gefen Lyon aka haife ta, iyayenta 'yan Tahoua, Hausarta rabi da rabi da Faransanci. Yaya take ce mini, amma ba ta raga mini ko kaɗan.

Wata rana Madam ta miƙo mini wani sabon littafi. Ta ce marubuciyar, wata 'yar Saint-Denis da iyayenta suka zo daga Mali, za ta zo shagon bayan mako biyu, kuma ni zan gabatar da ita in yi mata tambayoyi a gaban mutane. Madam ce za ta sa hannu a rahoton da zan kai jami'a, ta kuma fara zancen riƙe ni aiki. Na karɓa ina murmushi, na ce kwana biyu ma ya ishe ni.

A cikin tiram, jirgin ƙasan cikin gari, na buɗe shi. Labarin mata biyu ne, Awa ma'aikaciyar jinya da Nadia direbar bas, suna zaune gida ɗaya, sai suka tsinci gawar maƙwabcinsu a kan matakala. Tare suke girki, tare suke kwana a gado ɗaya. Na kai shafi na arba'in daidai lokacin da tiram ya iso tashata, na rufe, na ce ai na gane inda aka dosa. Daga nan jarrabawa ta taso mini, littafin ya shige ƙarƙashin takardu. Sau biyu Madam tana tambayata, ina cewa, "Na gama tuni, Madam. Littafi ne mai zurfi."

Rakiya ta kalle ni ta gefen ido. "Yaya, t'as vraiment lu? Da gaske ka karanta?"

"Ke dai ki jera kujeru," na ce.

Ranar Asabar da la'asar shagon ya cika har bakin ƙofa. Na sa shaddata fara mai aiki a wuya, wadda nake ajiye wa sallah. Marubuciyar ta iso tare da wata doguwar mace mai gajeren gashi da ke riƙe mata jaka. Na gaishe su da fara'a, na ce, "Madam, har da ƙanwarku kuka zo? Sannunku da hanya." Suka dubi juna suka yi murmushi. Ni kuma na ɗauka ladabina ne ya burge su.

Da aka ba ni makirufo sai na saki baki. Na ce wannan littafi ya nuna wa Turawa abin da ba su sani ba, wato zumuncin Afirka. Na ce a garinmu ƙawaye biyu kan ci a kwano ɗaya su kwana a tabarma ɗaya, babu wanda zai kawo wani tunani, kuma Awa da Nadia sun tuna mini da yayyena mata. (Na ga Rakiya ta rufe fuska da tafin hannu. Na zaci maganar ce ta taɓa mata zuciya.) Da na ga kowa ya yi tsit yana kallona, sai na ƙara samun ƙarfi. Na juya wajen marubuciyar na ce:

"Roƙona ɗaya ne, Madam. In za ku rubuta na biyu, ku taimaka ku samo wa kowaccensu miji nagari. Sun cancanta."

Har ƙarar tiram a waje ana ji.

Marubuciyar ta ɗauki nata makirufon a hankali, ta kira ni Mushe, wato Malam a Faransanci. "Mushe, a wane shafi kuka tsaya?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ji bakina ya ce, "Na ƙarshe."

"To, wa ya kashe maƙwabcin?"

Na tuna akwai wani mai gadin gida mai mugun kallo a farkon labarin. "Mai gadin," na ce, har da ɗaga kai.

"Mai gadin ya mutu a shafi na sittin," ta ce. "A shafi na arba'in da uku kuma Awa ta sumbaci Nadia. Wannan da kuka kira ƙanwata, shekara tara ke nan muna tare."

Dariyar da aka yi, har mahaucin ya leƙo. Zufa ta jiƙa mini shadda, ga sanyin Nuwamba a waje. Shafi uku! Da tiram ɗin nan ya ƙara tasha ɗaya da na tsira. Rakiya ta zo ta zare makirufon daga hannuna, ta ci gaba da tambayoyi masu ma'ana, ni kuma na zauna ina nazarin takalmina har aka tashi.

Da mutane suka watse na je na ba marubuciyar haƙuri, ina in'ina. Ta ce, "Zancen mijin bai dame ni ba, mahaifiyata ta fi ku ƙoƙari a wannan fannin. Abin da ya yi mini ciwo, shekara huɗu na yi ina rubuta littafin nan, ku kuma ko rabin awa ba ku ba shi ba." Wannan maganar ta fi dariyar zafi.

Ranar Lahadi na zauna na karanta shi tun daga farko. Ba zan ɓoye ba, ba irin labarin da na tashi da shi ba ne, akwai wuraren da na ajiye shi na ɗan zaga ɗaki. Amma na damu da matan nan biyu, na ji tsoro da 'yan sanda suka kama Nadia, kuma wanda ya yi kisan ko a mafarki ban zato shi ba.

Ranar Litinin na shiga shago ina jiran kora. Madam ta ɗauko littattafai biyar daga kantar bakin ƙofa ta ɗora mini a hannu. "Ɗaya kowane mako. Ranar Juma'a Rakiya za ta tambaye ka babin ƙarshe." Haka na zama ɗalibin ƙanwata Rakiya har mako biyar, kuma ba ta yi mini sauƙi ba. Rahoton dai an sa mini hannu.

Tun daga ranar, in ban karanta abu ba sai in ce ban karanta ba, kunyar ba ta wuce minti ɗaya. In kuwa mutum ya nace sai ya yi ƙarya a kan littafi, to ya fara tabbatarwa wadda ta rubuta shi ba ta zaune kusa da shi da makirufo a hannu.