Sunan da Ya Fi Kuɗin Mota Tsada

Ranar Litinin ta makon jiya an kore ni daga wani ofishi, ni da matata. Ba sata muka yi ba. Ba mu zagi kowa ba. Laifinmu ɗaya, matata tana da kunya.

Bari in faro daga tushe, kada a ce tsoho ya yi ƙari.

'Yata Humaira tana aure a Kwatano. Cikin fari gare ta, ya shiga wata tara. A al'ada gida za ta zo ta haihu a gaban uwarta. Likita ya ce ƙafafunta sun kumbura, kada ta hau mota. To, tunda ita ba za ta zo ba, dole uwar ta je. Wa zai dafa mata ruwan wanka? Wa zai dama mata kunun kanwa? Dangin mijin mutanen kirki ne, amma ba su suka haife ta ba. Kullum ta bugo waya maganar ɗaya ce: "Baba, yaushe Mma za ta zo?" Na ce mata kafin ta haihu uwarta tana ɗakinta. Na faɗa, kuma ban saba faɗin abu sau biyu ba.

Ni ina da takardar tafiya tun lokacin da nake fita sayen auduga, don ɗinkin katifa ne sana'ata. Matata ba ta da ita. Mma Asana mai koko, duk Maamobi, unguwarmu a nan Akara, an san ta. Shekara arba'in tana zaune a bakin titi ɗaya da tukunyarta. Iyakar tafiyarta Kumasi, shi ma biki ya kai ta.

Tun cikin yana wata huɗu muka fara zuwa inda ake ba da takardar. Ni Gidan Hatimi nake ce masa. Zuwan farko suka ce na'ura ta lalace. Na biyu suka ce na'ura ta gyaru, amma mai kunna ta yana jana'iza. Litinin ɗin nan ce zuwa na uku. Trotro biyu muka hau, motocin hayarmu ke nan, muka tsaya a rana har kusan azahar, sannan aka shigar da mu gaban wani yaro mai taye a wuya. Ɗana na uku ya girme shi. Amma kujerar tasa tana juyawa, don haka zan kira shi Ranka Ya Daɗe Mai Biro.

Bai ɗago kai ba ya ce mata, "Ina ne garinku?"

"Maamobi."

"Maamobi ba garin kowa ba ne. Ina asalinku?"

Ta amsa masa da yaren Ga na 'yan asalin Akara, wanda ta fi shi iyawa. Ta ce kakarta a nan aka binne ta, lokacin da wurin da yake zaune gonar rogo ne. Ya yi tsaki ya rubuta wani abu.

"Sunan mijinki?"

Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. "Ga shi nan zaune."

"Na gan shi. Sunansa nake tambaya."

"Maigida."

Na ce, "Jibirilu Mahama."

"Oluman, ba kai na tambaya ba." Tsoho ke nan da Turancinsu.

Ku yaran yanzu da matanku ke kwaɗa muku kira daga bakin famfo, ku saurara. A gidan da aka haifi Mma Asana mace ba ta faɗin sunan mijinta. Ba tsoro ba ne, girmamawa ce. Shekara arba'in da shida muna tare, sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko wani Jibirilu ya zo sayen koko, mai sunan Malam take ce masa. Na yi wa yaron wannan bayani da Turancin da nake da shi, wanda ba shi da yawa.

Ya ajiye biro ya yi murmushi. "Mun saba ganin irin wannan. A ɗauko mace daga wata ƙasa, a zaunar da ita kusa da tsoho, a ce matarsa ce. Matar da ba ta san sunan mijinta ba."

'Ya'ya bakwai ta haifa mini. Biyu ni na sa su a kabari da hannuna. Na miƙe tsaye. Ban ɗaga hannu ba, na dai miƙe. Masu gadi biyu suka raka mu har titi, cikin ladabi irin na wanda ke fitar da akuya daga masallaci.

Da la'asar ina zaune a bencin maƙwabcina Alu wanzami, rediyonsa tana magana. Sai ga wani babba a ciki, Mai Girma Uban Tattali, yana koya wa talakawa yadda za su fita ƙasar waje da iyalinsu ba tare da kashe kuɗi da yawa ba. Allah ya saka masa. Ya ce a sayi tikitin jirgi wata shida kafin tafiya. Ya ce a duba farashin otal a waya, a zaɓi mai ba da karin kumallo kyauta. Ya ce kada a ɗauki kaya da yawa. Ya ce babban ciwon mutanenmu shi ne rashin shiri da wuri.

Alu ya tsaya da aska a hannu. "Malam, ka ji? Ba ka yi shiri da wuri ba."

"Tun wata huɗu na fara."

"To ai da ka fara tun kafin a ɗaura auren."

Mai tambaya a rediyon ya ce wa Mai Girma ina ya samo wannan ilimi. Ya ce a wani taro ne a ƙasar Turawa, kan rage kashe kuɗi. Su talatin da biyu suka je. Alu ya rantse ɗan ƙanwar matarsa yana cikinsu, kuma aikinsa a tafiyar riƙe wa Mai Girma waya. Ban ga laifinsu ba. Ilimin tattali yana da nauyi, mutum ɗaya ba zai iya ɗauko shi ba.

Tunda kowa ya zama malamin tafiya, ga nawa, ni ma kyauta ne. Jirgi ba naka ba ne, ka bar kallonsa. Ka je tasha da kanka kwana biyu kafin ranar, ka kalli tayoyin motar kafin ka kalli farashi. Kada ka karɓi kujerar kan taya in kana tare da tsohuwa, gwiwarta za ta ba ka labari har wata guda. Abinci daga gida: gari, ƙuliƙuli, soyayyen kifi, soyayyen yajin shito a kwalbar da murfinta ke rufuwa. Abincin bakin iyaka, da an ga jaka a hannunka an ninka shi. Kuɗinmu sidi kuma ka canza shi zuwa sefa a nan Nima, maƙwabciyar unguwarmu, wurin mutumin da ya san ubanka. Otal? Wanda ya aurar da 'ya a gari ba ya kwana a otal. Maganar kada a ɗauki kaya kuwa, Mai Girma bai taɓa zuwa jego ba. Gero, kanwa, yaji, zannuwa, tukunyar da Mma Asana ta ce babu irinta a Kwatano. Ka gaya mata ta bar ɗaya, ni ba zan gaya mata ba.

Sai ƙananan kuɗi, a aljihu daban. An ce mana hanya a buɗe take tsakanin ƙasashen nan, mu 'yan'uwan juna ne. Gaskiya ne. Sai dai 'yan'uwan suna da yawa a hanya, kowanne da igiyarsa a gicciye, kuma kowanne yana so a gaishe shi.

Duk wannan na sani. Amma babu takarda, babu tafiya.

Alu ya ce, "Ka je wurin Basit mana."

Basit ɗan goro ne. Haka ake kiran masu tsayuwa a ƙofar irin waɗannan ofisoshi, ka ba su abin da aka ce, su shiga ta baya su fito maka da takarda. Ba ma'aikaci ba ne, amma ya fi ma'aikatan zuwa aiki a kan lokaci.

Na ce, "Shekarata saba'in da uku. Ban taɓa sayen abin da yake hakkina ba."

"Hakkin naka yana cikin durowa, Malam. Makullin yana wurin Basit."

"Aske ni ka yi shiru."

Washegari da hantsi na samu Mma Asana a tsakar gida tana tace gero. Na tsaya a kanta. Na ce, "In mun koma, ki faɗa musu."

Ba ta ɗago ba. "In faɗi me?"

"Abin da suka tambaya. Na ba ki izini."

"Ba kai ka hana ni ba, balle ka ba ni izini. Uwata ce ta hana ni, ranar da za a kawo ni gidan nan. Ka je ka karɓo izinin a wurinta."

Uwar tata ta rasu shekara ashirin ke nan. A raina kuwa na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ana haka waya ta yi ƙara. Humaira ce. Ta ce bayanta yana ciwo tun asuba, ƙanwar mijin ta ce ba komai, amma ita tana jin tsoro. Uwar ta yi ta lallashinta, ta ce ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan a tsakar gida. Da ta ajiye wayar ta daɗe hannunta yana cikin ruwan geron. Sannan ta ce, "Alhamis mu koma."

Muka koma. Ta sa zanenta na sallah. Layi ɗaya, rana ɗaya, yaro ɗaya. Ya gane mu.

"Yauwa, Mma. Yau kin tuna?"

Yana tambayar, wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka. Ita kuma ta riga ta buɗe baki. Ta faɗa, a hankali, idonta a ƙasa. Na ji. Ban san haka sunan yake a bakinta ba. Na kalli bango.

Ranka Ya Daɗe yana dariya da wanda ke cikin wayar. Da ya gama ya ce, "Me kika ce?"

Ta ɗago kai ta kalle shi. Ta ce, "Jibirilu Mahama!" da muryar da take kiran masu sayen koko daga tsallaken titi. Duk ɗakin ya juyo. Wata mata 'yar Nima da ke bayanmu a layi ta rufe bakinta da hannu, don ita ta san abin da aka yi.

Ya buga hatimi. "To, me ya yi wuya a nan? Ku dawo bayan mako shida."

"Mako shida?"

"Oga mai sa hannu ba ya nan. Ya kai iyalinsa hutu waje."

"Babu wanda zai sa hannu a madadinsa?"

"Oluman, nan ba kasuwa ba ce. Muna da tsari."

Na ce masa ina taya Oga murna, da alama ya saurari rediyo ya sayi tikiti da wuri. Bai gane ba, ya ce zai isar da gaisuwata.

Muka hau trotro muka dawo. Na raka ta gida, na juya. Ban bi ta gaban shagon Alu ba, na zaga ta bayan makaranta. Na samu Basit a gindin bishiyar da yake zama, yana cin wake da shinkafa a ganye. Ya goge hannu ya durƙusa, yaron yana da ladabi.

"Baba, ai da tun farko ka zo. Mma ma ba sai ta taka ƙafarta ba. Wa zai tambaye ta sunan wani?"

Ya faɗi abin da zan bayar. Ya fi kuɗin motarmu mu biyu, zuwa da dawowa. Na sayar da audugar katifa uku na kai masa. Da na miƙa, ban kalli fuskarsa ba, shi ma ya yi mini alheri bai kalli tawa ba.

Jiya Litinin ya kawo takardar har ƙofar gida. Sabuwa, da hoton, da hatimi, da sa hannun Oga. Tawadar ma kamar ba ta gama bushewa ba.

Gobe bayan sallar asuba za mu tashi. Humaira ba ta haihu ba tukuna, na ce mata ta riƙe, uwarta tana hanya. Kaya an ɗaure, har da tukunyar. Mma Asana kuwa tun ranar Alhamis ba ta haɗa ido da ni ba. Ta ajiye mini abinci ta juya, kamar amaryar kwana uku. Na ce mata ba ta yi laifi ba, don 'yarta ta yi. Ta ce ta sani, in ci abincina. Na sani ba da ni take fushi ba. Abin da ta adana shekara arba'in da shida ne ta fitar, aka karɓa, aka ce ta maimaita, kuma ashe ba shi ake bukata ba.

Saboda haka ga shawara ta ƙarshe, ga mai son fita da iyali cikin rahusa: duk abin da za su karɓa a wurinka, ka tambayi na bakin ƙofa tukuna ko ana bukatarsa, kafin ka ba na ciki. Ni ban so in koya wa kowa wannan ba. Koya mini aka yi.

Oga dai har yau yana can hutu, Basit ya tabbatar mini. Mutum yana bayan teku, hannunsa yana sa hannu a Akara. Allah ya ƙara wa hannun nan tsawo, ko wata rana ya kai kwatar unguwarmu.