Rasuwar Barewa, Motar Amaren Margilan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙora a cije, Sharofat-opa ta unguwar Masaƙa a birnin Margilan take sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da masu leƙe ta katanga rasuwar motar mijinta, farar Volga wadda kowa ya sani da suna Barewa. Ta rasu a garejin gidansu tana da shekara sittin da 'yan kai, bayan doguwar jinya da tsatsa. Mai sanarwar tana so a sani cewa ba ita ta tabbatar da rasuwar ba. Usta Ergash mai walda ne ya tabbatar, a bainar jama'a, kuma za a zo kan maganarsa.

Marigayiyar ta riga Sharofat-opa shiga gidan. Marigayi Tursunali-aka ya saye ta tun yana saurayi, kuma a kujerar bayanta aka kawo masa Sharofat tana kuka a ƙarƙashin mayafi. Daga ranar ta zama motar amaren unguwa. Ba ta taɓa tambayar 'yar wa za a ɗauko ba, 'yar mai shago ce ko 'yar mai shara, a ɗaura mata ƙyalle a goshi kawai ta kama hanya. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta dawo da su da jarirai. Ta ɗauki kankana har sai da bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ta ɗauki ragon layya a kujerar gaba bai yi mata ladabi ba, ta yi haƙuri. Aibunta ɗaya shan mai, shi ma ba a ɓoye take sha ba.

Waɗanda suka zauna da ita ba za su manta da muryarta ba. Da safe takan yi tari, ƙyar-ƙyar-ƙyar, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta ce ɓurum, tagogin lungu su amsa. Idan ta ce baaap a bakin kasuwa, har jakuna sun san ta Tursunali ce.

Ciwon ajali ya kama ta ne bayan rasuwar mai ita. Aka lulluɓe ta da tsohuwar darduma, rufin gareji kuma yana yoyo ba wanda ya kula. Tsatsa ta fara daga ƙasan ƙofofi, ta gangara daɓe, har ya zama idan mutum ya zauna a kujerar direba yana ganin ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Tayoyi suka kwanta, ɓeraye suka yi gida a cikin kujeru. Ta jure duk wannan ba tare da ta ce uffan ba, don batirinta ya riga ta tafiya.

Ta rasu ta bar barewar ƙarfe a kan bonet, ƙafa ɗaya a sama, har yau ba ta sauke ba. Ta bar safaya taya da ba ta taɓa taka kwalta ba, da rediyo mai kama tasha guda. Ta bar amare fiye da yadda za a lissafa, yawancinsu yanzu da jikoki, da angwayensu waɗanda a 'yan kwanakin nan duk ciwon baya ya kama su a tare. Ta kuma bar Ilhom, ɗan gidan, wanda saura ƙiris a haife shi a cikinta. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to wanda ya yi karin maganar bai haɗu da Ilhom ba. Shi ne ya ga garejin zai yi kyau da shagon kayan waya, ya je ya yi magana da Kuchkar ɗan gwangwan, suka tsayar da ranar Litinin za a zo a ja ta a yanka.

"Oyi, ƙarfe ne fa," in ji shi ga uwar. "Ƙarfe! Kaji ke yin ƙwai a ciki."

"Kai ma a ciki na kusa ajiye ka," in ji ta, "ban sayar da kai ba."

Kada wani ya ce ba a nemi magani ba. Sharofat-opa ta bi garejin kanikawa ɗaya bayan ɗaya da jakarta a hammata. Wani ya ce kayan irin wannan motar sai a gidan tarihi, wani ya yi dariya ya ba ta kujera da shayi. Ta roƙi mazan unguwa su zo ko turawa su taya ta, ta fitar da motar daga hannun Kuchkar. Suka ce insha Allahu, opa, bayan an tsinke auduga. Auduga kuwa ko fure ba ta yi ba.

Daga ƙarshe ta nufi Usta Ergash, aminin mijinta, wanda tun ranar bikinta yake ce mata Amarya har furfura ta rufe su duka. Shi da Tursunali sun yi rabin rayuwarsu a kwance ƙarƙashin motar nan suna musu. Ta same shi a wajen shan shayi cikin dattawa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Usta, zo ka dubi Barewa."

Bai ɗago daga kofinsa ba. "Amarya, ki bar ta. Motar nan ta mutu ranar da mai ita ya mutu. Gawa ce. Ni mai walda ne, ba na tayar da matattu."

Ta san ba ƙyuya ba ce. Tun da aka binne Tursunali, Usta bai ƙara bi ta lungunsu ba, gara ya zagaya ta bayan masallaci da ya ga ƙofar garejin. Ta tausaya masa ƙwarai, amma tausayi ba zai hana Litinin zuwa ba. Ta juya gida ranta a ɓace, kalmar gawa tana yi mata yawo a ka. A bakin titi sai ga wata jana'iza an ɗauko. Ta raɓe jikin bango tana kallo: mai gurasa ya bar tandarsa, direban tasi ya tsaya a tsakiyar hanya ya fito da gudu, kowa yana rige-rigen sa kafaɗa a makara ko da taku kaɗan ne, alhali ba su san ma wanda ya rasu ba. A Margilan ana iya hana maƙwabci aron tsani, amma ba a hana gawa kafaɗa.

"To," in ji ta a ranta, "tunda gawa ce, gawa tana da hakki."

Ta fara da limamin unguwa. Domla Hoshim ya ce mata ba a yi wa ƙarfe salla. Ta ce ita ba salla ta zo nema ba, Allah ya tsare ta, kafaɗu take nema. Ya shafa gemu, wataƙila ya tuna a wace mota aka kawo masa uwar 'ya'yansa, sannan ya ce shi dai bai ga inda littafi ya hana tura mota ba.

Saura wanka. Kowa a unguwar ya san wasiyyar Tursunali, ya sha faɗa yana raye: kada hannun kowa ya taɓa jikin Barewa sai na Ergash. Kuma wanda mamaci ya ambata don wanka ba ya cewa a'a. Usta ya ce a'a. Sharofat-opa ba ta yi musu ba. Ta aika masa ta bakin mai shayi cewa ba komai, matan unguwa za su yi wankan da kansu, da ruwan zafi da toka da gishiri mai yawa, yadda suke goge tukunya idan ta yi tsatsa, sannan su lulluɓe ta da jiƙaƙƙen bargo ta kwana.

Shayin da mai shayi ya zuba bai huce ba sai ga Usta a lungu, riga a hannu ɗaya, hula a karkace.

"Gishiri? Gishiri a jikin Volga? Amarya, kanki ɗaya kuwa? Tukunyar dafa shinkafar osh ce?"

"Gawa ce, Usta. Kai ka faɗa. Me gishiri zai yi wa gawa?"

"Zai cinye ta kafin sati!"

"Au, ashe da sauran abin da za a ci?"

Usta ya wuce ta. Ya ture ƙofar garejin, ya yaye dardumar, ya daɗe a tsaye. Sannan ya fara ƙwanƙwasa jikin motar da bayan yatsa, yana kara kunne. Ƙofofi suka ce buf-buf. Ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu ƙasa ya buga ƙashin bayanta, ta ce ƙwal. Ya sake bugawa, ta sake cewa ƙwal, ƙarar lafiyayyen ƙarfe. Nan tsohon ya zauna daɓas a ƙasa ya yi kukan amininsa, wanda bai yi ba ranar da aka binne shi. Sharofat-opa ta juya baya ta ba shi wuri, ita ma tana share nata.

"Ku kawo ta garejina a bushe," in ji shi da ya miƙe. "Ko ɗigon ruwa kada ya taɓa ta. Kuma wanka kawai zan yi mata, ban ce zan gyara ba."

"Wanka kawai," in ji ta. Ta san wankan Usta kankarewa ne har sai farin ƙarfe ya fito, ta kuma san ba a haifi mai waldar da zai ga rami a ƙarfe ya iya wucewa ba.

Saboda haka ana sanar da jama'a tsarin rakiya kamar haka. Za a taru ranar Lahadi da safe a ƙofar gidan marigayi Tursunali-aka, a tura Barewa zuwa garejin Usta Ergash. Akwai osh da koren shayi, amma sai an dawo, don Sharofat-opa ta san halin mutanenta. Duk namijin da aka kawo masa amarya a motar nan ana jiran kafaɗarsa, wanda bayansa ke ciwo ya turo ɗansa, wanda ba shi da ɗa ya zo da bayan nasa haka. Ba a haƙa kabari ba kuma ba za a haƙa ba. Masu niyyar kawo fure su sayo samfefa da kuɗin.

Ilhom zai sa doguwar rigar ubansa, ya ɗaura ɗamara, ya tsaya a ƙofa yana karɓar gaisuwa kamar yadda ɗa ke yi. Ya ce za a mai da shi abin dariya a gari. Uwar ta ce in ya fi so a ce ɗan Tursunali ya ɓuya a ɗaki ranar da ake fitar da gawa daga gidansu, ga ɗakin nan. An ga ya kai rigar wajen mai guga.

Wasu dattawa sun tunatar da cewa mata ba sa bin gawa. Sharofat-opa ta yarda, kuma ba za ta bi ta ba. Tana ciki, a kan sitiyari.

An kuma samu labarin cewa Kuchkar ɗan gwangwan ya ce magana magana ce, zai zo tun ranar Lahadin ya tare bakin lungu da motarsa. Ana yi masa maraba, akwai osh ɗinsa. Sai dai iyalan marigayiya suna ganin hakki ne a kansu su sanar da shi cewa lungun Masaƙa gangara ne, masu turawa suna da yawa, kuma Barewa ba ta da birki.